Kulle saƙo ko cusa shi cikin hoto?

Ƙanena mai gyaran waya a Computer Village da ke Ikeja ya tambaye ni, "Yaya, wanne ya fi tsaro?"

Kullewa, irin ta WhatsApp, tana hana karantawa, amma an san akwai magana. Cusawa kuwa saƙon kansa take ɓoyewa, ba a ma san akwai shi ba. Kowane launi a ɗigon hoto lamba ce daga 0 zuwa 255. Mai da 200 ta koma 201, ido ba zai taɓa ganewa ba; da irin wannan ɗan canji ake cusa saƙon. Sai dai manhajar bincike tana ƙirga lambobin, ta ga sun saɓa wa yadda kyamara ke barin su. Kuma da WhatsApp ya matse hoton, saƙon ya lalace.

Na ce masa ya kulle, hankalina ya fi kwanciya da ita.