Sharhi kan akwatin ƙananan kayan ɗinki da ake sayarwa a Jidda

Akwatin nan mai zif da ake tallarsa a intanet, wanda kuma ake gani a shagunan kaya masu araha da wasu shagunan kayan ɗinki na Balad, tsohuwar unguwar Jidda, na gwada shi a kan abaya, farar jallabiyyar maza da bargon haɗin ƙyallaye. A ciki akwai almakashi, tef ɗin awo, allurai, fil, abin farke ɗinki, hular yatsa, alli, abin zura zare da ƙananan zaruruwa kala-kala. Yawan kayan shi ke jan ido, amma wanda zai yi sana'a da shi, abu uku kawai zai riƙe: abin zura zare, abin farke ɗinki da ita kanta jakar. Sauran gara a saye su ɗai-ɗai.

Tef ɗin awo na fara dubawa, domin shi ne ke iya lalata yadi tun ba a sa almakashi ba. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Akwai tef da ake kawowa daga Sin wanda gefensa guda ba inci ba ne, wani ma'auni ne nasu mai santimita 3.3, kuma a ido kamar inci yake. Irinsa na tarar a akwatin. Gane shi ba wuya: ki ɗora babban yatsa a kan lamba 10, ki juya bayan tef ɗin, gefen santimita. In kin ga 25 da ɗan ɗori, inci ne. In kin ga 33, ajiye shi. Wadda ta auna mutum da wannan tef ta aika wa tela mai yanka da inci, rigar za ta fito ta rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Masu karɓar awo ta WhatsApp daga Kano ko Madina su kula da wannan ƙwarai. Ko tef mai kyau ma yana miƙewa in ya tsufa, don haka a riƙa gwada shi da rula ta ƙarfe.

Almakashin ƙarami ne, kuma da ƙusa aka manne shi, ba noti ba, ke nan in ya yi sako-sako babu gyara. A kan nida da sauran yadin abaya masu santsi tauna yake yi, ba yanka ba. Almakashin yadi na gaske tsawonsa inci 8 ko 9, hannunsa a lanƙwashe yadda bakin ƙasa zai kwanta a kan tebur yadin bai ɗaga ba. Kafin ki biya, nemi ƙyalle marar kauri ki yanka har tsinin baki. Wanda ya naɗe ƙyallen a ƙarshe bai yi ba. In kin samu mai kyau, kada ya taɓa takarda ko leda, a goge shi bayan aiki, a ɗiga masa man keke a mahaɗa.

Allura ce ta fi ba ni haushi. Iskar Jidda cike take da danshin teku, kuma allurar da rufinta bai yi kyau ba nan da nan take tsatsa, ta bar jan layi a farar jallabiyya wanda wanki ba ya fitarwa. Idon wasu kuma yana da kaushi, yana cin zare har ya tsinke ana tsakiyar kalmasa. Allurar John James ta Ingila da ta Clover ta Japan sun fi santsi nesa ba kusa ba, kuma da lamba a jikin takardarsu. Lambar nan tana rikita masu koyo, domin ta hannu da ta keke a juye suke. A allurar hannu, in lamba ta hau allura sirancewa take: 5 ta fi 9 kauri. A ta keke kuwa, in lamba ta hau kauri take: 70/10 ta yadi marar nauyi, 80/12 da 90/14 na atamfa da shadda, 100/16 ta jins. Lambar farko kaurin allurar ce, wato 90 na nufin milimita 0.9. Ga aikin hannu na yau da kullum, 7 ko 8 ta wadatar. Ɗinkin bargo yana son gajeriyar allura mai ƙarfi, lamba 8 ko 9 ga mai farawa, saboda doguwa lanƙwashewa take a cikin hawa uku na bargon, wato yadin ƙasa, auduga da yadin sama. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, in ya fi haka ƙullewa yake. A ajiye allurai a kwalba mai murfi tare da 'yar jakar nan ta tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi.

Fil ɗin akwatin kansa roba ne, dutsen guga na taɓa shi ya narke ya manne a yadi. Mai kan gilashi, kauri milimita 0.5, shi ne ba ya narkewa kuma ba ya barin huda a yadi mai laushi.

Hular yatsa, wadda masu shago a nan ke kira kushtuban, ana sa ta a yatsan tsakiya, shi ke tura gindin allura. Ta akwatin ramukanta ba zurfi, allura na zamewa. Ki sa a yatsa ki sunkuyar da hannu: in ta faɗi ta yi yawa, in ta matse har yatsa ya yi zafi ta yi kaɗan.

Abin farke ɗinki ya burge ni, yana da kaifi a lungunsa inda ake buƙata. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a cusa shi a tura da ƙarfi daga farko har ƙarshe, sai ya zarce ya tsaga yadi. A yanke ɗinki ɗaya a tsallake uku ko huɗu, sannan a juya baya a ja zaren ƙasa, zai fito a dunƙule. In za a buɗe gidan maɓalli, a gitta fil a ƙarshensa ya tare bakin.

Allin da ke ciki mai maiƙo ne, a kan baƙin yadin roba yana barin tabo bayan guga. Siririn guntun sabulu ya fi shi a kan abaya. A farin yadi, biro mai shuɗin tawada da ruwa ke wankewa yana da kyau, da sharaɗin a goge shi da ruwan sanyi kafin guga, domin zafi na kafe tawadar. Biron da zafi ke gogewa kuma bai dace da wannan ƙasa ba: a bar yankakken yadi a mota da rana, sai a tarar alamomin sun ɓace.

Abin da akwatin ba shi da shi, kuma mai ɗinkin bargo ba za ta yi ba sai da shi, ita ce wuƙar nan mai zagayayyen baki kamar taya, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979. Akwai ta milimita 28, 45 da 60, ta 45 ita ce ta kowane aiki, tana yanka hawa huɗu na yadin auduga lokaci guda. Tana tafiya da tabarmar yanka da rular roba mai kauri, faɗi inci 6, tsawo inci 24. A danne rula da tafin hannu, yatsu nesa da gefe, a tura wuƙar gaba, ba a jawo ta wajen jiki, a rufe bakin duk lokacin da aka ajiye, musamman a gida mai yara. In ta fara tsallake zare a wuri ɗaya, bakin ya karye, sai canji. Tabarmar a shimfiɗe ake ajiye ta, nesa da taga, domin in zafi ya lanƙwasa ta da wuya ta koma daidai.

Daidaito a yanka da ɗinkin bargo ba ƙawa ba ne. Bakin ɗinki a haɗin ƙyallaye kwatan inci ne, kusan milimita 6. In kowane ɗinki ya shiga ciki da milimita ɗaya, ya ci biyu ke nan, ɗaya daga kowane ƙyalle, layi mai mahaɗa ashirin ya rasa santimita 4, kusurwoyi su ƙi haɗuwa. Bayan an shimfiɗa ƙasa, auduga da sama, a kama su da lanƙwasassun fil masu makulli, tazarar faɗin tafin hannu, daga tsakiya zuwa gefe. In aka fara daga gefe, yadin ƙasa tattarewa yake a tsakiya.

Zaruruwan akwatin kuwa ja ɗaya suke tsinkewa, kuma abin da aka naɗa a kowane kwarkwaro bai isa kalmasar abaya guda ba. Za su iya riƙe maɓallin alhaji ko ɗinke bakin jakar da ta farke a hanyar Madina. Wanda zai tafi da akwatin a jirgi ya sa shi cikin kayan awo, kada almakashin ya tsaya a wurin bincike.