Doguwar kwantena ko mai murfi: amsa ga Hajiya mai shirin buɗe gidan abinci a Greensboro

Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a sabon shago. Kin ce kin karɓi hayar wani tsohon shago a Greensboro da ke Amurka, za a fasa tayil ɗin ƙasa, a sauke silin, a cire tsohuwar kanta, sannan ki buɗe gidan abinci. Da kika kira kamfanin kwashe shara suka tambaye ki wace domsta, wato kwantenar shara, kike so, rol-of ko furon-lod, kika rasa amsar da za ki ba su. Gyaran gidaje da shaguna shi ne sana'ata a ƙasar nan, na kuma sha biyan kuɗin kuskure a kan wannan batu, ba na so ke ma ki biya.

Duka biyun za ki buƙata, sai dai kowace da lokacinta.

Rol-of ita ce doguwar nan mai buɗaɗɗen sama da kike gani a bakin gidajen da ake gyara. Mota ce ke zuwa ta zamar da ita ƙasa a kan ƙananan tayun ƙarfe, ta tafi, ranar da kuka gama ta dawo ta janye ta gaba ɗaya da abin da ke ciki. Tana da ƙofa a baya, leburori na iya shiga da baro. Hayarta ta 'yan kwanaki ce, galibi mako ɗaya zuwa kwana 10, abin da ya haura sai a riƙa lissafa miki kullum. Furon-lod kuwa ita ce gajeruwa mai murfi da ke zaune a bayan shaguna shekara da shekaru. Ba a ɗauke ta. Mota ke zuwa a ranakun da kuka tsayar, ta zura ƙahonni biyu a gefunanta, ta ɗaga ta sama, ta juye, ta mayar. Ta farko ta ɓaraguzan gini ce, ta biyu ta sharar yau da kullum.

Da yadi ake auna su, amma ba yadin atamfa ba. Yadi ɗaya a nan akwati ne mai ƙafa 3 a tsawo, 3 a faɗi, 3 a zurfi, wato kimanin lita 765, kusan durom huɗu irin na ruwa da muka sani a gida. Doguwar tana zuwa a yadi 10, 20, 30 da 40, wasu kamfanonin har da 15. Mai murfin kuma yadi 2, 4, 6 da 8.

A wajen doguwar, inda mutane ke faɗawa rami shi ne su dubi girma su manta da nauyi. Kowace haya tana da adadin tan da aka yarje miki a cikin farashin. In motar ta isa juji sai ta hau sikeli, duk abin da ya ɗaru a kan adadin nan ke za ki biya, tan-tan. Tan ɗin Amurka kilo 907 ne. Kankare yadi ɗaya, in a dunƙule yake, ya kai kusan tan 2, ko an farfasa shi ma yakan yi wajen tan ɗaya ko fiye. Ita kuma motar akwai iyakar nauyin da doka ta ba ta damar hawa titi da shi, yawanci kayan ba sa wuce tan 10. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa yarda a zuba kankare, bulo ko ƙasa sai a mai yadi 10.

A jikina na koyi wannan. Farkon fara aikina na ɗauki mai yadi 30 don wani gida, ina ganin na yi dabara, babba ɗaya ta fi ƙanana biyu sauƙi. Muka zuba tayil da simintin ƙarƙashinsa, da matakalar kankare da muka fasa, muka ɗora tsohon kafet a sama. Ko rabi ba ta kai ba. Ranar Juma'a da daddare aka tafka ruwa, ban rufe da tamfol ba, kafet ya sha ya ƙoshi. Litinin direba ya zo ya maƙala ƙugiya, injin ya yi ta gurnani, kwantenar ta ɗan ɗago sai ta tsaya. Ya sauko ya leƙa ciki, ya girgiza kai, ya cire ƙugiyarsa ya tafi. Aka caje ni kuɗin zuwan banza, na sake ɗauko ƙarama, ni da yara biyu muka wuni muna kwashe tayil da shebur daga wannan zuwa waccan. Bayana ya yi mako bai daina ciwo ba.

Don haka in ni ne, ga aikinki zan raba biyu. Mai yadi 10 ta zo da fari a zuba tayil da siminti kaɗai, a ɗauke. Sannan mai yadi 20 ta zo don silin, katako, allunan bango da kanta, waɗanda ke cin wuri ba su da nauyi. Mai yadi 20 tsawonta kimanin ƙafa 22 ne, tsayinta bai wuce ƙirji ba, ana iya jefa kaya ta gefe. Mai 40 tsawonsu ɗaya amma bangonta ya kai ƙafa 8, babu mai ɗaga baro zuwa can, kuma shago ɗaya ba ya cika ta. Ki tambayi mai gyaran ko ya riga ya sa kuɗin domsta a cikin jimlar da ya ba ki, kada ki biya sau biyu. A shimfiɗa falanki a ƙasa kafin a sauke ta don kada ta ɓata kwaltar mai gini. Kada kaya su haura bakin kwantena, direba ba zai ɗauka ba. In a kan titi za ta zauna sai da izinin hukumar birni, a filin ajiye motocin shago kuma sai da yardar mai ginin.

Akwai abubuwan da ba sa shiga ko wacce: fentin da bai bushe ba, batirin mota, taya, baƙin mai, tukunyar gas, firji. Jiharku ta Karolina ta Arewa ta hana kai robobin lemo da na ruwa juji tun 2009, haka talabijin da kwamfuta tun 2011. In ginin tsoho ne sosai, a gwada tayil da silin kafin a fasa, don wasu na da asbestos, ƙurarsa na lalata huhu, kuma kwashe shi aikin masu lasisi ne. Wannan kam kada ki yi sakaci da shi, lafiyar masu yi miki aiki ce.

Mai murfin, matsalarta a takarda take. Doguwar kina biya sau ɗaya kun rabu. Wannan kuwa kwantiragi ce, sau da yawa ta shekara 3 zuwa 5, kuma da yawansu suna sabunta kansu in ba ki aika takardar sokewa ba a cikin wasu kwanaki da aka ƙayyade kafin wa'adi ya cika. Farashin da aka faɗa miki a waya ba shi ne zai zo a takardar wata ba, za a ƙara kuɗin man mota da wasu caje-caje, kuma akwai layin da ya ba kamfani damar ƙara kuɗi. Ki nemi shekara ɗaya. Ki ce a rubuta iyakar ƙarin da za a iya yi. Ki tambayi nawa za ki biya in kika rufe shago ko kika tashi kafin wa'adi. Ana yin ciniki da su, manya irin su WM da Republic Services da ƙananan na gari duka, sai dai wanda bai tambaya ba ba a rage masa. Kafin duk wannan ma ki buɗe yarjejeniyar hayar shagonki: in jerin shaguna ne, mai yiwuwa akwai domsta ta haɗin gwiwa a baya kuma kuɗinta na cikin abin da kike biyan mai gini kowane wata.

Ga mai abinci, ƙarama da ake kwashewa sau uku a mako ta fi babba da ake kwashewa sau ɗaya nesa ba kusa ba. Ƙashin rago, kan kifi da ragowar shinkafa in suka kwana huɗu a zafin Yuli na Karolina, ƙudaje da ɓeraye za su riga kwastoma zuwa. Jami'an lafiya na gundumar Guilford, inda Greensboro take, in sun zo dubawa har bayan shago suke zagayawa, kuma katin makin da suka ba ki a bango za ki liƙa shi kowa ya gani. Ki fara da yadi 4, mai kwaɗo, don mutane na zuwa da dare su jefa katifa da kujera ke a caje ki. Kwalaye a ninke su a ba su tasu kwantenar daban, su ne ke cika wuri a banza. Man suya kuma ba ya shiga nan sam, akwai masu ajiye miki tanki su riƙa zuwa suna kwasa.

'Yan'uwanmu na Bronx da ke karantawa, naku ya ɗan bambanta. A New York hukumar birni ba ta kwashe sharar 'yan kasuwa, dole ka ɗauki kamfani mai lasisin BIC, hukumar da ke kula da kamfanonin kwashe shara masu zaman kansu, kuma tun Maris 2024 kowane shago sai ya sa shararsa a mazubi mai murfi, an daina tara baƙaƙen leda a bakin titi. Yawancin shagunan can ba su da bayan gida da za a ajiye furon-lod, mazubai masu taya ake amfani da su.

Hajiya, in kin kira su gobe ki riƙe biro ki rubuta amsar tambayoyi huɗu a kan doguwar: tan nawa ne a cikin farashin, nawa ne kowane tan da ya ɗaru, kwana nawa, kuma sun yarda da tayil da siminti a ciki. Kwantiragin mai murfin kuma kada ki sa hannu a ranar. Ki ɗauki hotonta ki turo mini, mu bi ta layi-layi.