Ranar da aka hana ni leƙa injin motata a Birmingham

Tun da na zo Ingila ban taɓa jin na muzanta ba kamar ranar da wani yaro, wanda a haife na haife shi, ya ɗaga min hannu a gareji ya ce in koma bayan layi. Motata ce fa, Ford Transit ɗin da nake rabon kaya da ita, wadda na saya da gumina. An buɗe bonet, na matso in ga abin da za a taɓa, sai ya nuna min wani layin fenti ruwan ɗorawa a ƙasa, ya ce inshorarsu ba ta yarda mai mota ya tsallake shi ba. Aka kai ni wani ɗaki mai gilashi, aka nuna min injin shayi. Ni da na tashi ina miƙa sifana a garejin kawuna kusa da Ƙofar Ruwa, yau ni ake tsarewa kada in ji ciwo.

Abin da ya kai ni, wuta ce ta kama a dashbod, motar ta ƙi jan gudu, kana taka totur tana nishi. A salansar motocin dizal na nan akwai matata mai tare baƙin hayaƙi, suna ce mata DPF. Tana ƙone dattinta da kanta idan mota ta samu doguwar hanya ta yi zafi sosai. To mu masu rabon kaya ina muka ga doguwar hanya? Daga wannan ƙofa sai ta gaba, ka kashe, ka tayar. Haka take cikewa ta toshe.

Kafin ma a kai ga layin fentin, sai da na sha jira. A nan ba a shiga gareji da sallama a ce ga mota. Waya za ka yi, a duba littafi, a ba ka rana, kai kuwa aikinka ya tsaya cak. Kamfanin da kake wa rabo ba ruwansa, ko ka yi hayar wata motar ko a ba wani layinka. Da ranar ta zo, kwamfuta kawai suka jona, kuma jonawar kanta kuɗi ce, tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Aikin hannu da awa ake lissafa shi. Ina zaune bayan gilashi ina kallon agogo, gabana na faɗuwa.

Na ce masa a cire matatar mana a huta, yadda ake fasa indomi, wato matatar hayaƙin cikin salansa, a gida. Ya dube ni kamar na ce a yi sata. Tun 2014, motar da aka cire wa wannan matata ba ta cin gwajin lafiyar mota da ake ce wa MOT, wanda dole ne duk shekara ga motar da ta kai shekara uku, kuma tarar irin motata tana iya kaiwa fam 2,500. Ba tare da MOT ba kuwa, ajiye mota ya kama ka. Ga kuma dokar tsaftar iska da Birmingham ta fara a 2021: tsohuwar motar dizal da ba ta cika ƙa'ida ba, fam 8 za ta biya duk ranar da ta shiga tsakiyar gari. A Landan fam 12.50 ne.

Abin da ya fi ci min rai, ba sa gyara, canji suke yi. Wata 'yar na'ura ce ta mutu a jikin salansar, aka cire aka jefa a kwandon shara, aka ɗaura sabuwa. Nan na tuna masu rewaya na gida, mutumin da zai kasa kunne ya ji ƙarar inji ya gaya maka ciwon, ya warware kik ya sake naɗa shi ya tashi. Wannan hannun babu shi a nan, ko akwai ma ba ka da kuɗin biyansa. Na yi kewar benci a gindin darbejiya, ana kwance giyar mota ana hira, ana cewa "Alhaji, kawo abin da ya sauƙaƙa."

Amma 'yan uwa, gaskiya ɗaya ce. Ina zaune a ɗakin nan saƙo ya shigo wayata, bidiyo ne na ƙarƙashin motata, makaniken yana haska tocila yana bayani. Ya nuna birkin baya ya fara cinyewa, ya sa ma'auni a taya ya nuna min lamba. Doka ta ce zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, kuma kowace sudaddiyar taya ɗaya tana iya jawo tarar fam 2,500 da makin laifi uku a lasisi. Bai taɓa komai ba sai da na amince. Da na zo biya, aka ba ni takarda, kowane abu da kuɗinsa, har da garanti. Duk wanda zai sayi motar nan gobe, lambarta kawai zai sa a intanet ya ga tarihin gwajinta da nisan da ta ci.

Mu kuwa fa? Hiace ce za ta cika da mutane da buhuna daga Kano zuwa Zariya, tayarta sumul, direba ya sani, mai mota ya sani, kowa ya ce Allah ya kiyaye. Ba ma yin juye sai mai ya zama kwalta. Mota tana shigowa ƙasa, abu na farko a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai ba ta san zafinmu ba. A sa maka kayan Beljiyam a ce sabo ne, a ɗaure da roba a ce "je ka gwada." Wutar da ta tsayar da ni a nan, a gida baƙin salatif za a manna a kanta. Kuma ba rashin iyawa ba ne, wannan ne abin baƙin cikin, don masu gyaranmu sun fi yaron nan sanin ƙarfe nesa ba kusa ba. Ƙanena da ke jan Sharon a hanyar Katsina, na kira shi a daren na ce ya sauka ya duba tayoyinsa, idan sun sude ni zan turo kuɗin sababbi, kada ya yarda a sa masa na gwanjo.