Asusun gwaji na MetaTrader 5 da ƙarfin gwiwar aro

Duk wanda ya ce zai koyi cinikin canjin kuɗi ta intanet, shawarar farko da za a ba shi ita ce ya buɗe asusun gwaji, wanda 'yan harkar ke kira demo. Ni na buɗe nawa ne a manhajar MetaTrader 5, wadda kamfanin MetaQuotes ya fitar a 2010, ƙanwar MetaTrader 4 ta 2005. Na daɗe ina amfani da shi kafin na koma asusun gaske.

Ta fuskar aiki ba ni da ƙorafi. Kyauta ne, farashin yana tafiya da na kasuwa, kuma a nan hannu ke sabawa da saye da sayarwa, da sanya iyakar asara (farashin da ciniki zai rufe kansa idan ya kai), da karanta kyandirori, wato zanen da ke nuna hawa da saukar farashi. A nan ne ma lissafi ke zama a kai: a cinikin Yuro da Dala, lot ɗaya, wato ma'aunin girman ciniki, Yuro 100,000 ne, kowane pip, wato ɗan ƙaramin takun farashi, dala 10, a lot 0.01 kuwa pip santi 10 ne kacal.

Inda nake da ja shi ne yabon da masu koyarwa ke yi masa, wai yana gina yarda da kai. Yana ginawa kam, amma ta aro ce. Kai ke zaɓar kuɗin da za a zuba maka, sai ka ga mutum ya danna dala 100,000 alhali abin da zai iya sakawa na gaske bai kai ɗari biyu ba. Da wannan jarin bogi, asarar dubu biyu ba ta hana kowa barci. Sai ya bar cinikin yana ta ja, farashi ya juyo, lamba ta koma shuɗiya, alamar riba, ya bugi ƙirji ya ce ai ya iya. Abin da ya koya shi ne zama a kan asara yana biya, kuma babu darasin da ya fi wannan cinye jari. Koyon iyo ne a kan tabarma.

A asusun gaske allon bai canza ba, mai riƙe da wayar ne ke canzawa. Manhajar tana ba ka damar jan layin iyakar asara da yatsa a kan jadawalin farashi. Sauƙi ne mai kyau. Amma idan farashi ya matso kusa da layin, ga kuɗin guminka a ciki, yatsa da kansa ke ƙaiƙayin ya ɗan matsar da shi. Riba kuwa, da ta nuna dala uku zuciya ta fara cewa rufe kafin ta gudu. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan hali tun 1979, bincikensu na baya kuma ya nuna zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba daidai da ita. Asusun gwaji ba shi da wannan zafin, don haka ba zai koya maka jure shi ba.

Kuma yawan yarda da kai ɗin ma ciwo ne. Masana harkar kuɗi Brad Barber da Terrance Odean sun bi asusun gidaje 66,465 a Amurka daga 1991 zuwa 1996. Waɗanda suka fi kowa yawan saye da sayar da hannun jari sun samu kashi 11.4 cikin ɗari a shekara, kasuwar kanta ta ba da 17.9. A 2018 hukumar ESMA mai sa ido kan kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce kashi 74 zuwa 89 na asusun ƙananan 'yan kasuwa a cinikin CFD, wato ciniki a kan hawa da saukar farashi ba tare da mallakar kayan ba, asara suke yi, har ta taƙaita rancen da dillali ke bayarwa zuwa ninki 30 na kuɗin da mutum ya ajiye a cinikin manyan kuɗaɗe. Ban yarda duk waɗannan mutane rashin ƙarfin zuciya ne ya kayar da su ba, ko da masu sayar da darasi a gaban motar haya za su ce haka.

Abin da na fi amfana da shi a manhajar shi ne shafin tarihi, wanda mutane da yawa ba sa buɗewa. Kowane ciniki yana nan da lokacinsa, da girman lot, da farashin shiga da na fita. Ba ya rarrashi. A nan za ka ga ko bayan kowace asara kana ninka lot don ramuwa, ko kana shiga kasuwa tsakar dare saboda ido ya ƙi barci. Idan ka ga ciniki talatin a jere ba ka saka fiye da kashi ɗaya na jarinka a haɗari ba, kuma ba ka taɓa layin ba, to wannan yarda da kai tana da hujja.

Shin zan ce a buɗe asusun gwaji? Ƙwarai. Sai dai a zaɓi daidai kuɗin da za a saka na gaske, a tsaya a kan lot 0.01, kar kuma a tare a can. Da zarar hannu ya faɗa, a koma asusun gaske mafi ƙanƙanta, da kuɗin da ko ya tafi duka ba zai taɓa cefanen gida ba.