Shirin AGILE a kan sikeli: banɗaki ya fi kuɗin hannu riƙe yarinya a makaranta

A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na karatun 'yan mata a sakandare, a jihohi bakwai: Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi, Borno, Filato da Ekiti. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700, jihohin suka kai 18. Rance ne mai sauƙin ruwa, ba kyauta ba, don haka iyaye na da haƙƙin bin diddigi.

Ɓangaren da ya fi amfani shi ne kuɗin gyaran makarantu da ake bai wa kwamitin iyaye da malamai, wato SBMC. Kwamiti ya zauna ya tsara buƙatu, a amince, kuɗi ya shiga asusun makaranta. Inda kwamiti ya san abin da yake yi, banɗakin mata mai ƙofa da sakata da ruwa a kusa yake fara ginawa, sannan katanga. Dalili a fili yake: yarinyar da ta fara al'ada ba za ta wuni inda babu wurin gyara jiki ba. Ta yi fashin kwanaki duk wata, darasi ya wuce ta, daga nan sai zancen aure ya taso. Inda kuwa aka fi son abin da ido zai gani, sai a shafe azuzuwa da fenti a bar famfo a lalace.

Tallafin kuɗin da ake bai wa iyaye marasa ƙarfi shi aka fi yayatawa, kuma nan aka fi ƙorafi. Sharaɗinsa yarinya ta yi rajista ta riƙa zuwa aji. Sunan uwa a takardar makaranta ya saɓa da na banki ko da harafi ɗaya, Hauwa a nan, Hauwa'u a can, biya na iya tsayawa. A daidaita wannan tun ranar rajista.

Darussan dabarun rayuwa suna tafiya daidai idan malama mace ce 'yar garin, wadda iyaye suka yarda da ita. Koyon kwamfuta kuwa, in babu sola mai aiki, na'urorin a sito suke ƙarewa.

Babban giɓin yana bayan kammala sakandare. Ƙauyukan da suka fi buƙatar malamai mata da ungozoma su ne ba su da su, kuma kai yarinya kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin jinya har yanzu a wuyan iyaye da gwamnatin jiha yake.