Na'urar auna gishirin ƙasa a makiyayar Manga

Wannan ƙaramar na'urar hannu tana da amfani a makiyayar Manga, tsakanin garuruwan Gudumariya da Maine-Soroa a kudu maso gabashin Nijar. A kan tudun rairayi lambarta ba ta tashi, domin ruwan sama yana wanke gishiri ya gangara da shi, amma a cikin kwari, inda ruwan ƙasa yake kusa kuma zafin rana yake busar da shi ya bar farin ɓawo, takan haura 4 dS/m (awon da na'urar take nuna yawan gishiri da shi), wato mizanin ƙasa mai gishiri. Sai dai busasshen yashi dole a jiƙa shi kafin ta auna daidai, kuma ba ta bambanta kanwa da gishiri, saboda haka mai niyyar shuka ciyawa yana buƙatar ma'aunin pH daban, wato na'urar da take nuna ko ƙasa tana da tsami ko kanwa.