Sharhi Kan Fim Ɗin Danny Collins: Al Pacino a Rigar Tsohon Mawaƙi

Fim ɗin Danny Collins, wanda Dan Fogelman ya rubuta kuma ya ba da umarni a shekarar 2015, labari ne na wani mawaƙin rok da tsufa ya cim masa yana maimaita waƙoƙin da ya daɗe da gundura da su, saboda su kaɗai masoyansa suke biyan kuɗi su ji. Wata rana manajansa ya miƙa masa wasiƙar da John Lennon, shahararren mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya rubuto masa shekara 40 da suka wuce, wadda ba ta taɓa isowa hannunsa ba. Wannan ba ƙirƙira ce zalla ba, domin irin haka ya faru da mawaƙin Ingila Steve Tilston.

Daga nan Danny ya dakatar da yawon wasanninsa, ya tare a wani otal a New Jersey, yana neman shiri da ɗansa da ya yi watsi da shi. Al Pacino ya taka rawar gani, musamman wajen nuna mutumin da ke ɓoye kunyarsa a bayan barkwanci da kyautar kece raini. Zaman da yake yi a gaban fiyano yana lalubar sabuwar waƙa, da zolayar da ke tsakaninsa da Annette Bening, wadda ta fito a matsayin manajar otal ɗin, su ne gishirin fim ɗin.

Sai dai muryar Pacino ba ta mawaƙi ba ce, kuma duk lokacin da ya hau dandamali sai a ji gurbin. Rashin lafiyar da aka ɗora wa ɗan nasa ma, a ganina, dabara ce ta neman hawayen mai kallo, ko da yake Bobby Cannavale, wanda ya fito a matsayin ɗan, ya riƙe rawar da natsuwa.